Janar Guguwa na Ƙofar Dumi

A Ƙofar Dumi akwai wani mai gyaran fanka da dutsen guga, sunansa Ɗanlarai, amma shi ya fi son a ce masa Injiniya. Babu wanda ya raɗa masa wannan suna. Shi ya rubuta abinsa da fenti a ƙofar shago, mutane kuma suka ga bai kai abin jayayya ba. Duk fankar da ta shiga hannunsa takan fito tana juyi, wannan gaskiya ne, sai dai ba kullum take juyawa ta inda aka san fanka da juyawa ba.

Ban da gyara, abu ɗaya ne ya dame shi a duniya: Dakarun Tama. Wasu 'yan mutum-mutumin wasan yara ne, waɗanda in ka lanƙwasa musu hannu ka tura kai ciki sai su koma mota ko jirgi. A shekarun baya an yi ta nuna katun ɗinsu a talabijin bayan la'asar. Yaran wancan lokaci sun girma, sun yi tumbi da furfura, amma son abin bai sake su ba. To su ne suka haɗu a waya suka kafa ƙungiya, har suka sa ranar babban taron masoya Dakarun Tama a wani zauren biki da ke Gwallameji. Za a baje kolin kayan wasa, a nuna tsofaffin katun, sannan a yi gasar shiga: duk wanda ya fi kama da ɗaya daga cikin dakarun, shi zai tafi da kofi.

Wata Talata Malam Elisha, malamin lissafi a wata sakandare, ya zo karɓar fankarsa. Shi ne babban mai tara Dakarun Tama a garin. Yana da su fiye da talatin a cikin kwalayensu, ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin an buɗe ɗaya ba. Cikin hira ya ce shi ma zai shiga gasar, har ya fara yanka kwali.

"Kwali?" in ji Ɗanlarai, ya ajiye sukudireba. "Kwalin me?"

"Na taliya. Haka kowa ke yi, Injiniya. A yanka, a manna, a shafa fenti."

"Malam Elisha, kai fa mai ilimi ne. Dakarun me aka ce?"

"Tama."

"To ka taɓa jin an ce Dakarun Taliya?"

Masu zaman benci a ƙofar shagon suka yi dariya, kuma wannan dariyar ce ta jawo komai. Ɗanlarai ya miƙe tsaye ya gyara hula.

"Ku shaida. Ni zan je a matsayin Janar Guguwa, shugabansu gaba ɗaya. Ƙarfe zalla daga kai har ƙafa. Kuma ba tsayawa zan yi kamar gunki ba. A gaban jama'a zan ja igiya ɗaya tak, in naɗe, in koma keke napep."

"Janar wa?" in ji Elisha.

"Guguwa."

"Ban san shi ba."

"Shi ya sa kake yanka kwali."

"To fankata fa?"

"Ka dawo bayan taro."

Ya rufe shago sati uku cur, a tsakiyar watan Maris, lokacin da kowa a Bauchi ke neman fankarsa ruwa a jallo. Ya ɗauko maƙwabcinsa Sabitu mai walda, mutumin da duk abin da aka faɗa masa amsarsa ɗaya ce: "To." Don kada 'yan leƙen asirin Elisha su ga aikin, ko da yake Elisha ba shi da ko ɗaya, a cikin falon gida aka yi shi, aka kuma toshe taga da tabarma.

Ƙofar wani tsohon firji ta zama ƙirji da ciki. Bokitin wanka ya zama kai, aka huda shi aka liƙa tocila biyu a matsayin idanu. Tayoyin baro uku: biyu a gwiwa, ɗaya a tsakar kai. Kwanon rufin madafa guda biyu suka zama rumfar keke, an naɗe su a gadon baya tare da kushin ɗin kujerar falo. Fankokin mutane biyar da ke jiran gyara aka jera su a baya da batirin babur, saboda Janar ba ya zufa.

Matarsa Yelwa ta leƙo ran kwana na tara.

"Baban Bilkisu, ina murfin babbar tukunyata?"

"Ya zama kafaɗa."

"Ɗayan fa?"

"Yelwa, mutum kafaɗa nawa gare shi?"

Ta dube shi, ta dubi Sabitu. Sabitu ya sauke tabarau ɗin walda ya rufe fuskarsa, alhali ba walda yake yi ba.

Ranar Asabar da hantsi Ɗanlarai ya shiga cikin Janar daga shi sai singileti da gajeren wando. Sai a lokacin aka gano notika sun ƙare, bayan Janar kuma yana buɗe. Ya ba da umarni a sa masa jiƙaƙƙen buhu a gadon baya a ɗiga walda wuri huɗu.

A karon farko cikin sati uku Sabitu ya yi tambaya.

"Fita fa?"

"Wa ke maganar fita, ko tafiya ba mu yi ba?"

"To."

Aka ɗiga. Janar Guguwa ya miƙe, kansa ya taɓa rufin ɗaki, ya tako zuwa ƙofa yana ƙara kamar ana sauke kaya daga tirela. Ƙofar ta ƙi. Kafaɗun sun fi ta faɗi da kamu guda kowane gefe. Ya juya ta gefe, rumfar baya ta toshe. Aka cire ƙyaure, bai isa ba. Sabitu ya tafi ya aro diga.

"Ka auna ƙofar nan kafin ka fara?" in ji Yelwa, tana kallon bangon falonta yana zuba.

"Janar ba ya auna ƙofa," in ji wata murya daga cikin bokiti.

"To zan bi ku. Ba don kai ba. Murafaina zan karɓo."

Da ya fito lungu, unguwa ta riga ta taru. Lungun Ƙofar Dumi ba don Janar aka yi shi ba, saboda haka yana tafe yana kankare bangon mutane hagu da dama. Masu babur suka koma da baya. Awaki suka bar gari. Wata dattijuwa, Hajiya Bintu, ta bi shi a baya tana ƙura ido.

"Ɗanlarai, wannan ba fankata ba ce a bayanka?"

"Gwaji muke mata, Hajiya."

"Sati uku ina kwana a tsakar gida!"

"In ta jure wannan, ba za ta ƙara ba ki matsala ba har abada."

A bakin titi masu keke uku suka tsaya, suka duba, suka wuce ba sallama. Daga ƙarshe aka samu Mijinyawa mai a-kori-kura. Maza shida suka tura Janar ta kan katako zuwa bayan motar, Mijinyawa ya ɗauko igiya.

"Ba a ɗaure Janar," in ji Ɗanlarai.

"Firjin ƙarshe da na ɗauka a tsaye ban ɗaure ba, a kwata muka tsince shi."

Aka ɗaure Janar.

Rana ta take. Kafin su kai shataletalen Wunti ƙarfen ya ɗau zafi yadda za a iya soya ƙwai a kafaɗar hagu. Ɗanlarai ya danna makunnin fankoki. Dukkansu biyar suka tashi lafiya lau, kuma dukkansu biyar suka juya ta baya, suna zuƙo hayaƙin salansar Mijinyawa suna tura masa ciki. Ya kashe.

A cikin cunkoso wasu 'yan gwangwan biyu, masu sayen tsohon ƙarfe, a kan babur suka jero da motar. Na baya ya ƙwanƙwasa cinyar Janar ya saurara.

"Direba, na sayarwa ne?"

"Tambayi matar mai shi, ga ta a gaba."

Yelwa ta waiwayo ta dubi Janar kamar mai lissafin farashi.

"Ƙarfen mai kyau ne," in ji ɗan gwangwan, "amma akwai wani abu a ciki yana ƙara masa nauyin banza."

"Ubanka ne nauyin banza!" in ji bokiti.

"Ka ji, har da rediyo."

A ƙofar zauren taro akwai mai gadi, wani dogon Bafulatani mai suna Hammajoda, riƙe da sandar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. An ce masa kowa sai an bincike shi, shi kuwa mutum ne mai bin doka. Tun Janar yana taku goma daga wurinsa sandar ta fara kuka, ba ta kuma daina ba. Duk da haka ya bi jikin da ita a tsanake, gaba da baya, daga sama har ƙasa.

"Bawan Allah, kana ɗauke da wani ƙarfe a jikinka?"

"Makullin shago ne kawai."

"Fito da shi."

"Hannuna ba ya kaiwa aljihu."

Hammajoda ya yi nazari. "To ka shiga, amma kada ka yi amfani da shi."

Zauren ya cika maƙil. Tebura jere da 'yan mutum-mutumi, wasu sababbi fil, wasu fenti ya goge saboda wasan shekaru. Manyan mutane da manyan riguna sun durƙusa suna lanƙwasa kayan wasa, suna gardama kan wane ne ya fi wane ƙarfi. Wata mata da ta taso daga Jos da mutum-mutumi mai hannu ɗaya ta samu ɗayan hannun a teburin wani ɗan Azare, ta zauna tana share hawaye. Masu shigar kwali suna ta kai da kawo, a cikinsu har da Malam Elisha, wanda in ka matso kusa za ka iya karanta sunan taliyar a ƙarƙashin fenti. An kunna waƙar katun ɗin a lasifika, zauren duka ya ɗauka, tsoho da yaro. Ɗanlarai kaɗai ne bai bi ba. Ya ce wa Sabitu wannan sabuwar waƙa ce aka ƙirƙiro.

Sannan aka gan shi.

Ya yi tsammanin mutane za su yi tsit don kwarjini. Maimakon haka sai wani mai furfura ya yar da abin da ke hannunsa ya ƙwala ihu: "Gomiko!"

"Gomiko! Wallahi Gomiko ne!"

Aka yo kansa ana tafi, ana ɗaukar hoto, ana rungumar ƙafarsa ana sakewa da sauri saboda zafi.

"Me suke cewa?" in ji Sabitu.

"Janar ke nan da yaren waɗanda suka ƙera su."

"To."

Wani ya buɗe ƙofar firjin da ke cikinsa ya jefa ledar ruwan da ya gama sha. Jama'a suka yi shewa. Wani ya zuba ɓawon gyaɗa. Aka kawo robobin lemo, takardun tsire, ƙashin kaza. Layi ya kafu.

"Baban Bilkisu," in ji Yelwa, "shara fa suke zuba maka."

"Ba ki san al'adar ba. Gaisuwa ce."

Da lokacin gasa ya yi, masu kwali suka hau dandamali ɗaya bayan ɗaya, suka juya, suka sauka. Janar bai iya hawa matakala ba, sai da aka jingina katakon Mijinyawa daga dandamali zuwa ƙasa aka tura shi sama. Shugabar taron, Madam Roda, wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a, ta miƙa makirfo ga bakin bokiti.

"Jama'a, shekara nawa muna wannan harka ban taɓa ganin wanda ya zaɓi Gomiko ba. Malam, me ya ja hankalinka gare shi?"

"Da farko dai sunansa Janar Guguwa. Na biyu, shi ne shugaba. Duk wanda ya kalli katun ɗin da hankali ya san haka. Duk yaƙin da aka yi, in an gama, kowa ya watse, wa kake gani shi kaɗai tsaye a fili? Shi. Wanda ya rage a tsaye shi ya ci yaƙi."

Madam Roda ta ɗan sauke makirfo, sannan ta ga ba yadda za ta yi.

"Malam, shara yake zuwa yi."

"Na'am?"

"In an gama yaƙi shi ke kwashe tarkace ya zuba a cikinsa. Ai yana faɗa da bakinsa kowane sati. Ba ka ji ba?"

Bai ji ba. Lokacin da yake yaro gidansu babu talabijin. Ta tagar gilashin gidan wani Alhaji yake leƙe, yana tsaye a kan bulo, shekara uku, kuma tagar ba a taɓa buɗe ta ba. Hotuna kawai yake gani. Sunayen da maganganun duk shi ya sa musu a hanyarsa ta komawa gida, ya kuma riƙe su shekara talatin ba wanda ya gyara masa, domin bai taɓa barin kowa ya kai ƙarshen magana ba.

Wani ya fara dariya a baya, ta bazu zuwa gaba. A cikin bokiti zufa na shiga idon Ɗanlarai, ƙashin kaza na sukarsa a cibiya.

"Ku yi dariya," in ji shi. "Mai sharar ku yana iya wannan?"

Ya ja igiya.

Abin mamaki, abin ya yi aiki. Gwiwoyi suka lanƙwashe, ƙirji ya kifa, kai ya sunkuya har tayar tsakar ka ta taɓa ƙasa, kwanon madafa ya buɗe a sama ya zama rumfa, kushin ya zauna daram a gadon baya. Keke napep sosai, har da fitilu biyu. Dariya ta tsaya cak. Zauren ya miƙe tsaye ana tafi ana ihu, Malam Elisha ya cire hular kwalinsa. Na tsawon numfashi uku Ɗanlarai ya kasance duk abin da ya taɓa cewa shi ne.

A numfashi na huɗu tayar gaba ta sami katakon Mijinyawa.

"Sabitu! Birki!"

"Ba ka ce a sa ba."

Keken ya gangaro. Mutane suka dare biyu. Ya bi tsakiyar zauren yana watsa ɓawon gyaɗa, ya nufi teburin da Malam Elisha ya jera kwalayen dakarunsa kai tsaye. Elisha ya sha gabansa ya buɗe hannuwa, ya tuna kwali yake sanye da shi, ya kauce. Teburin ya tashi sama. Kwalaye talatin da wani abu suka buɗe gaba ɗaya a karon farko tun da aka ƙera su, 'ya'yan Elisha biyu kuwa suka duba juna suka faɗa kai. Keken ya fice ta babbar ƙofa, ya wuce Hammajoda da sandarsa tana kuka, ya bi gangaren harabar, ya fita titi, ya tsaya a hankali jikin tarin yashi, daidai inda masu keke ke jiran fasinja.

Wata tsohuwa na tsaye a wurin da kwandon tumatir da kaza a hammata. Ta daɗe tana jira. Ta sunkuya ta shiga ƙarƙashin rumfar, ta zauna a kan kushin, ta ɗora kwando a cinya.

"Wunti," in ji ta.

"Iya, ki sauka. Mutum ne."

"Na ga mutum ne. Da aljani ne ke tuƙa keke? Mu je, rana na yi."

"Iya, a bayana kike zaune."

"To a gabanka zan zauna? Yaran yanzu ba ladabi."

Haka jama'ar taron suka fito suka same su: Janar a kife, tsohuwa a kai, kaza tana tsattsagar ɓawon gyaɗa ta ƙofar firji. Ya ja igiyar don ya miƙe, igiyar ta tsinke a hannunsa. Madam Roda ta durƙusa ta leƙa cikin bokiti, ta ce in ba a fito da mutumin nan cikin rabin awa ba zai dahu. Sabitu ya tsallaka titi ya aro injin yankan ƙarfe da janareto a wurin wani mai walda. Sai da tsohuwar ta ga tartsatsi sannan ta yarda ta sauka.

"Keke sai surutu, ba tafiya," in ji ta, ta ɗauki kwandonta.

Aka yanka wuri huɗun. Aka zaro Ɗanlarai ta baya, da singileti da gajeren wando, jiƙe sharkaf, takardar tsire manne a ƙirji, a gaban mutum ɗari biyu da wayoyinsu. Yelwa ta nufi Janar. Ta karɓi sifana a hannun Sabitu ta shiga kwance kafaɗu. Daga cikin zaure aka ji lasifika na sanar da cewa kofi ya tafi ga wani Toma, ɗalibi, wanda ya zo da shigar kwalin sabulu.

Malam Elisha ya fito a ƙarshe, shigarsa ta lotse, yana riƙe da kwali ɗaya fanko. Ya tsaya a kan Ɗanlarai, wanda ke zaune a kan yashi ana kwarara masa ruwa a ka. Ya buɗe baki zai yi magana.

Ɗanlarai ya riga shi.

"Malam Elisha, ka dai ga na naɗe."

"Na gani."

"Ka ga na yi tafiya."

"Teburina ya gani."

Ɗanlarai ya share ruwa daga fuska, ya dubi Elisha, ya dubi sauran masu kwali da suka kewaye shi ɗaya bayan ɗaya.

"To a cikinku," in ji shi, "wa ya taɓa ɗaukar fasinja?"